A Bar Mana Ɗakin Har Akussa Su Bushe

Mai girma shugaban taro, 'yan kwamitin gini, dattawan unguwa, iyayena mata, da ku da kuka tsaya a bakin ƙofa don kujeru sun ƙare, ina yi muku sallama.

Ina godiya da aka ba tsohuwar ma'aikaciyar jinya dama ta yi magana, kafin ku ɗaga hannu kan mai da ɗakin sassaƙarmu ma'ajiyar kujeru.

Da farko, gaskiya ne ba sana'a muke yi a ɗakin ba, sha'awa ce. Mai gyaran agogo, da tsohon direba, da ni, mukan ɗaura guntun itace a injin da ke juya shi, mu kanga masa kurfi, wato ƙarfen sassaƙa mai kaifi. Sai ɓarɓashi ya yi ta zubowa a nannaɗe kamar gashin jariri, ƙamshin ɗanyen itace ya cika ɗakin, hasken taga ya kama ƙura tana shawagi. A nan mutum kan manta da ciwon gwiwa, ya manta ko ya ci abinci.

Na biyu, kun tuna maɗacin da ya faɗi a ƙofar zauren nan bara. A inuwarsa aka yi zancen auren wasunku, a gindinsa 'ya'yanku suka koyi tafiya. Shi muka yanka, muka fitar da akussa masu kauri, muka jera a kan kanta, kowane gida da nasa. Ɗanyen itace sau biyu ake juya shi. A karon farko a bar shi da kauri, ya sha inuwa, ya bushe a hankali, ya karkace yadda ya so. Sai ya gama karkacewa a mai da shi inji a daidaita. In aka kwashe akussan nan yanzu aka kai inda rana da iska, tsagewa za su yi, kuma maɗacin ba zai sake faɗuwa ba.

Na uku nawa ne. Akushin da ke ƙarshen kanta maigidana ne ya fara shi. Na ce masa, "Malam, ka gama shi mana in gani."

Ya yi dariya ya ce, "Uwar gaggawa, ke da kika yi ta jiran masu naƙuda? Bar shi, mai haƙuri yakan dafa dutse. Baɗi za mu gama."

Bai kai baɗin ba. Kullum nakan shafa cikin akushin, in ji sawun kurfinsa a yatsuna, kuma ina kewarsa ƙwarai. Ina so in ɗora nawa kurfin daidai inda nasa ya tsaya.

Kujeru ba sa tsagewa don sun jira. Ku ba mu rani guda.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya zuriyarku, ya sa ku ga jikokinku suna shafa itacen da ya yi muku inuwa. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.