Surukina Ya Tarar da Ni Ina Kukan Akuya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Sani mai hatsi daga Birchi.

'Yata Ummi ta shekara uku ba ta magana. Likitar koyar da magana a Dutsin-Ma ta ce, "Malam Sani, nawa na awa ɗaya ne, sauran aikin naku ne a gida. Ku riƙa yi mata kukan dabbobi."

Rannan ina rarrafe a tsakar gida ina "meee", sai ga surukina, ya zaci na sami taɓin hankali. Ya dafe kaina, ya hau tofa min addu'a. Ummi ta nuna ni ta ce, "Akuya!" Kalmarta ta farko ke nan, wallahi sai da na yi hawaye.

To jama'a, a ba ni shawara: har a kasuwa Akuya take kirana. Yaya za a yi ta ce Baba?