Har Yau Baba Bai San Ciwonsa Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ɗiyarku ce daga Gangara.

Mahaifina ya daɗe yana tari, muna ta ba shi jiƙe-jiƙe. Da ya fara tofar da jini muka kai shi asibitin Damagaram, suka tura mu Yamai. Can likita ya keɓe ni, ya ce ciwon daji ne a huhu, kuma ya yi nisa. Ya ce suna gwada haɗa magunguna biyu ta ƙarin ruwa. Ba warkewa ba ce, wataƙila dai ya samu sauƙi. Amma ba za su fara ba sai Baba ya san ciwonsa, ya yarda da bakinsa.

Da na faɗa wa baffannina, suka ce atafau. Wai a gidanmu ba a faɗa wa majinyaci irin wannan, zuciyarsa za ta karye. Suka maido shi gida, suka ce masa sanyi ne.

Kullum ramewa yake yi. Jiya ya ce in ware masa irin hatsi, da ruwan farko shi zai yi shuka. Na ce to, na fita na yi kuka.

Jama'a, ku ba ni shawara don Allah. Da wane baki zan faɗa masa?