Yis ɗin da Ya Mutu a Hanya

A layin karɓar saƙo na garin Bloemfontein na ji su, wani dattijo rungume da jiƙaƙƙen kwali da wata mata a bayansa.

"Taɓa ki ji, ƙanƙarar da aka sa a kwalin ta zama ruwan ɗumi. Yis ɗin giya ne, da ransa ake aiko shi. Tun wancan watan na saya ta waya, sai yau. Ya mutu. Me zan ba baƙi a bikin 'yata?"

"Me 'yan kamfanin suka ce maka, Baba?"

"Wai babu ma'aikata. Yaran yanzu ba sa son aiki."

"A'a, kar ka zagi ɗana. Ɗaurin kaya ya yi musu, yini a tsaye, albashin a kuɗin mota yake ƙarewa. Da ka ga an ce kawowa kyauta ne ka danna, wa ka zata zai biya?"

"To ke me kike jira?"

"Tukunya," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Ita ma kawowa kyauta."

"Ato. Ni da direbana bai gudu ba, da tuni ya je ya ɗauko."

"Nawa kake biyansa, Baba?"

Dattijon ya gyara riƙon kwalinsa, ruwa na ɗiga a takalminsa.