Kurma a Gidan Kallon Boɗinga

Assalamu alaikum mai gabatarwa, gaisuwa daga Boɗinga.

Ni tela ne, sanƙarau ya ɗauke mini ji da girmana. Da yamma nakan je gidan kallo, inda anka ajiye talabijin na jama'a. Ranar da anka yi jawabin gwamnati kan tsuke bakin aljihu, na ga fuskokin mutane sun canza. Na taɓa maƙwabcina, na ce, "Malam, mi anka ce?" Ya yi mini hannu in dakata. Har anka tashi bai waiwayo ba, na koma gida ni kaɗai.

Ina iya karatu. Don Allah masu talabijin su riƙa rubuta maganar a ƙasan hoto. Duk wanda ya ji an karanta wasiƙar nan a rediyo, ya biyo shagona ya rubuta mini cewa an karanta, don ni ba zan ji ba.