Rake ya ceci darbejiyata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Wata tsohuwa ce daga Ƙofa ke gaishe ku.

Akwai darbejiya a ƙofar gidana, a jikinta nake karyar asuwaki tun ina amarya. Kwanakin baya autana Sabi'u ya zo da mai gatari, wai zai sare ta ya gina shago. Na ce masa bishiyar nan ce ta riƙe mini haƙora. Ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, wa ke tauna ice a zamanin buroshi?"

Sai na kira mai rake, na sa ya sara mana gaɓa biyu. Na ce duk wanda ya ɓare tasa da haƙori, shi ke da bishiya. Ni na ɓare tawa tas, na shanye. Shi kuwa gatsa ɗaya ya yi, ya dafe kunci yana "wash!" Mai gatari ya saɓa gatarinsa ya tafi.

Don Allah ku tambayar mini likita, haƙorin da lemon kwalba ya cinye, asuwaki zai iya ƙarfafa shi? Don yanzu kullum da safe ina tarar da an karyi reshe a darbejiyata, kuma ba ni na karya ba.