Ranar da Ayuba Ya Gai da Baffansa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Rahila ta Kurmin Mashi, uwar Ayuba, dogon saurayin nan da ke zama can baya yana toshe kunne in an buga ganga.

Ayuba ya haura ashirin, amma kansa ba irin na sauran mutane ba ne. Ba ya kallon ido, ba ya son hayaniya, kuma kafin ranar da zan ba ku labari, tun da na haife shi bai taɓa gai da kowa ba. Ko ni!

Babansa masinja ne a ofishin gwamnati. Da ya rasu bayan yaƙin basasa, yayansa, Baffa Iliya, ya zo daga gida ya zaunar da ni. Ya ce, "Rahila, wanda ba ya gaisuwa ba ya cikin mutane. Wa zai ba shi aiki? Ke kuma ba dawwama za ki yi ba. In kaka ta yi zan dawo in kai shi wurin mai magani."

Na san gidan mai maganin nan. Da idona na ga yadda ake sa wa mutane mari a ƙafa. Amma ɗan ƙaninsa ne, ba ni da ta cewa. Na ce, "Yaya, in ya sami aiki fa?" Ya yi dariya, ya ce in ya samu ya bar mini shi.

Na yi yawo, jama'a! Na kai shi gidan wani ma'aikaci a Malali inda ake neman mai ban ruwan shuke-shuke. Uwargidan ta yi masa sannu, ya tsaya yana kallon famfo. Ta ce, "Baiwar Allah, kurma ne ko raini ne?" A hanyar dawowa wata mota ta danna hon, ya durƙushe yana ihu, yara suka kewaye mu suna dariya.

Ina shiga ɗaki na zube a ƙasa. Na ce, "Ya Yesu, kai ka ba ni shi a haka. Ban ce ka canja shi ba. Kada dai ƙarfe ya taɓa ƙafarsa!"

Ina cikin kukan sai ga Mama Saratu ta zumuntar mata. Ta tarar da Ayuba a bakin ƙofa yana tsince mini shinkafa. Wannan kam tun yana ƙarami, ba shi faifai ya wuni a kai. Ta ce, "Ke Rahila, tashi ki fyace hanci. Ga aiki a hannunsa. Gaisuwa ce ta rage, ita kuwa koyonta ake yi."

Daga nan matan zumunta suka riƙa biyowa da safe. Wata ta yi gaisuwa, wata ta amsa, a gabansa. Damina guda muna abu ɗaya har na fara fid da rai.

Mama Saratu ta kai mu Babbar Kasuwa wurin Alhaji Sani, wani Bakatsine mai sayar da hatsi. Ayuba ya durƙusa, kai a ƙasa, ya zubo ba numfashi: "Ina kwana lafiya lau ina gajiya ba gajiya ina aiki da godiya madalla." Ashe gaisuwar da amsar duka ya haddace! Kunya ta rufe ni.

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "To, ya hutasshe ni! Ku bar mani shi mu gani." Ya ba shi faifai, ya zaunar da shi bayan buhuna inda ba hayaniya. Kullum da safe kuma, da Ayuba ya ce "ina kwana", sai Alhaji ya ɗaga masa hannu ya dakata, shi ya amsa.

Kaka ta yi, Baffa ya iso. Na hango bakin igiya a jakarsa. Na ce masa Ayuba ya sami aiki, ya ce sai ya gani da idonsa. Muka nufi kasuwa ina ta addu'a a zuci, don na san hon ɗaya ya isa ya rushe komai.

Baffa ya tsaya a kansa. Ayuba ya ajiye faifai, ya durƙusa, ya ce, "Baffa, ina kwana?"

Sai ya yi shiru. Yana jira.

Baffa ya ce, "Lafiya lau, Ayuba."

'Yan'uwa, ba zan yi muku ƙarya ba, Ayuba bai canja ba. Jiya ma sai da ya yi ihu a titi. Har yanzu in na tuna wa zai riƙe shi bayan raina, abinci ba ya shiga. Ku ci gaba da sa mu cikin addu'a.

Amma na gode wa Ubangiji, yana kwana a ɗakina, ƙafarsa ba tabon ƙarfe. Ke mai irin ɗana a ɓoye a ƙuryar ɗaki, fito da shi, ki dogara ga Yesu. Igiyar nan Baffa ya tafi ya bar ta, a kanta nake shanya rigar aikin Ayuba. Yabo ga Ubangiji! Amin.