Yayata Ba Sufeto Ba Ce

Assalamu alaikum mai gabatarwa. A yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto muku. Ni ɗaliba ce a sakandare a nan Malanville.

Yayata Rakiya tana digiri na biyu kan ilimin koyarwa. Bincikenta ya buƙaci ta zauna a aji ta ga yadda ake darasi. Ni na ce mata, "Yaya, zo ajinmu, ba wanda ya kai Malam Sule iya koyar da lissafi." Daraktan makarantarmu ya amince. Kwana uku ta yi a bencin baya tana rubutu.

To a wurinmu, ba mai zama a baya da biro sai sufeto. Nan da nan aka ce na kai ƙarar Malam, an turo Yaya ta kama shi da laifi. Da na gaishe shi a ƙofa sai ya ce, "Sannu, ƙanwar manya. Me kuma za a rubuta yau?"

Tun ranar, ko na ɗaga hannu ba ya kallona. Shi ne fa ya roƙi Baba a bar ni in ci gaba da karatu. Yaya ta koma jami'a, kuma na ga abin da ta rubuta, yabonsa ne daga farko har ƙarshe.

Masu sauraro, yaya zan yi ya yarda? Kunya ta hana ni yi masa magana. Na san yana jin shirin nan, don haka ina gaishe shi ta nan. In ya amsa gaisuwata, ku ba ni izini in sake rubutowa in gaya muku.